Wane zaɓen magajin gari zan nazarta a Amurka ta farkon ƙarni na 20?

Ɗalibar Tarihi: Assalamu alaikum malamai. An ba ni aikin rubutu kan yaƙin neman zaɓen magajin gari a biranen Amurka tsakanin 1900 da 1920, ina neman shawarar zaɓen da ya fi nuna yadda jam'iyyu ke aiki a matakin unguwa.

Malamin Jami'a: Wa alaikumus salam. 'Yata, ki fara da zaɓen New York na 1905, inda George McClellan, ɗan takarar Tammany Hall, ƙungiyar da ke juya jam'iyyar Demokarat a birnin, ya kayar da mai jaridu William Randolph Hearst da tazarar ƙuri'u kusan 3,500 kacal. Hearst ya yi zargin maguɗi, aka yi ta shari'a har 1908 kafin sake ƙidaya ta tabbatar wa McClellan kujerarsa. Sai dai kada ki tsaya kan 'yan takara kaɗai, domin mai juya akalar shi ne Charles Murphy, wanda ya riƙe Tammany daga 1902 zuwa 1924, kuma ƙarfinsa yana hannun shugabannin mazaɓu waɗanda ke samo wa baƙin haure aiki, su kai musu gawayi lokacin hunturu, ranar zaɓe kuma su karɓi sakayya da ƙuri'a.

Tsohon Ɗan Jarida: Malam ya yi gaskiya, amma an riga an yi rubutu da yawa kan New York. Ni da Cleveland zan ba ki shawara, saboda Tom Johnson, wanda ya yi mulki daga 1901 zuwa 1909. Attajiri ne da ya tara dukiya a harkar taragon cikin gari, sannan ya juyo yana yaƙar kamfanonin, yana neman a mayar da kuɗin shiga santi uku. Da katafaren tanti yake zaga unguwanni, yana barin jama'a su yi masa tambayoyi ido da ido.

Malamin Jami'a: Madalla da wannan, Alhaji, na manta da batun tantin.

Hajiya Malama: Ƙanwata, in kina son ganin yadda abokan gaba ke haɗa kai idan suka tsorata, ki duba Milwaukee. A 1910 Emil Seidel na jam'iyyar gurguzu ya ci zaɓe, a 1912 Demokarat da Rifablikan suka tsayar da ɗan takara ɗaya suka kayar da shi, duk da haka Daniel Hoan ya dawo da jam'iyyar gurguzu kan mulki a 1916, ya riƙe kujerar shekara 24.

Ɗalibar Tarihi: Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. Zan haɗa Cleveland da New York. Alhaji, a ina zan samu jaridun wancan zamani?

Tsohon Ɗan Jarida: Ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka ya sa tsofaffin jaridu da yawa a intanet kyauta, a shafin Chronicling America. Ki karanta jaridun ɓangarori biyu, domin Hearst da jaridunsa yake yi wa kansa kamfe.