Ya za a yi a hana shan taba a ɗakin taron ƙaramar hukuma?

Maman Hanifa:
Assalamu alaikum jama'a, dan Allah shawara nake nema. A unguwarmu nan Jos akwai ɗakin taro na ƙaramar hukuma, nan ake kamu da walima da taron siyasa, ranar rigakafi ma nan muke kai yara mu bi layi. Asabar ɗin da ta wuce muka je walimar saukar ƙanwar maigidana, kun dai san sanyin Jos a Disamba, duk an rurrufe tagogi, ashe daren Juma'a wasu samari sun kama wurin sun kwana busa sigari da shisha, muna shiga warin ya daki hancina, labule da kujeru duk sun sha hayaki, ga guntayen sigari a bayan dandamali ko sharewa ba a yi ba, ga wasu kuma tsaye a bakin ƙofa suna ci gaba da zuƙa. Hanifa shekararta 6, tana da asma, ko rabin awa ba mu yi ba ƙirjinta ya fara fito tana jan numfashi da ƙyar. Fita na yi da ita muka zauna kan dakali cikin iskar nan na ba ta inhela, ko lokacin da aka miƙa wa ɗalibai allunansu ban gani ba. Na yi wa mai gadi magana ya ce shi ba a ba shi umarni ba. Ni ba faɗa nake nema ba wallahi, wurin na kowa ne. Wa ya kamata mu tunkara?

Abu Sadiq:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba Hanifa lafiya. Hajiya doka fa akwai ta, tun 2015 Jonathan ya sa wa dokar taƙaita shan taba hannu kafin ya sauka, a 2019 kuma aka fitar da ƙa'idojin aiki da ita. Ta hana shan taba a wuraren da jama'a ke taruwa irin wannan, ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, har sayar da kara ɗaiɗai ta hana amma je teburin mai shayi ki gani. Kenan ba sabon abu za ku roƙa ba. Ku rubuta takarda, ki samu mata kamar 20 su sa hannu, mai unguwa ya sa nasa, ku ba kansilanku ya kai wa ciyaman, kwafi ɗaya kuma ga 'yan duba-gari. Abin da ya fi muhimmanci a ganina shi ne takardar hayar wurin. A rubuta a ciki ba sigari ba shisha, a riƙe wani abu a kuɗin mai haya sai an duba ɗakin da safe, wanda ya karya ya rasa kuɗinsa. A nan ne mai gadi zai samu bakin magana, shi ma tsoron aikinsa yake ji, ba zai tunkari yaran manya hannu rabbana ba.

Ɗan Gangare:
Gaskiya ni ina sha, shekara 14 kenan, sau uku ina bari ina komawa. Labarin yarinyar nan ya taɓa ni sosai. Ban ƙi a hana a ciki ba, amma dan Allah kar a zo da zagi, da an kira mutum ɗan iska a gaban mutane shikenan taurin kai ya shigo. A kafa allo da Hausa da Turanci, a nuna mana wani gefe can bayan katanga. Yawancinmu za mu bi.

Anti Nas:
Ɗan Gangare Allah ya yaye maka, kuma ka kyauta da ka faɗi gaskiya. Amma gefen nan ya yi nisa da ƙofa da tagogi fa, in ba haka ba iska ce za ta mayar da hayakin ciki. Kuma jama'a a daina cewa ai an kunna fanka ko an fesa turare, ba ya cire komai, zagaya ɗakin kawai hayakin yake yi. Hayaƙin taba akwai sinadarai sama da 7,000 a cikinsa, kusan 70 suna jawo cutar kansa, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum sama da miliyan ɗaya ne ke mutuwa duk shekara don shaƙar hayakin wasu, su ba sa sha. Shisha ma da yaranmu ke cewa ruwa na tace ta, ba gaskiya ba ne, ga gawayin da ake ɗora mata a ɗaki rufe. Maman Hanifa ki sa maganar rigakafin nan a farkon takardar, jarirai 'yan sati 6 ake kwantarwa a wurin. A kuma cire labulen a wanke.

Maman Hanifa:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Hanifa da sauƙi, yau har ta je Islamiyya. Na yi wa matar mai unguwa waya ta ce in zo gobe bayan la'asar. Malam Abu Sadiq takardar da Hausa za mu rubuta ko dole sai da Turanci?