Kwatar tanderunmu sai darewa take, ina mafita?

Ɗan Agege:
Salam jama'a. Ina aiki a wata ƙaramar masana'antar narka ƙarfe ta wajen Ikorodu, jari muke saye a Owode Onirin mu narka. Matsalar ita ce kwatar da narkakken ƙarfen ke bi in ya fito daga tanderu, simintin wutar da muke lulluɓe ta da shi ba ya daɗewa sai ya dare, wani sa'in ma ya ɓantale ya faɗa cikin ƙarfen. Oga ya dage wai jabu ake sayar mana. Masu sani ku taimaka don Allah.

Injiniyan Mile 12:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kafin a zagi mai kaya, ruwa nawa kuke zubawa? Simintin wutar nan, wato kastabul, in mai ƙarancin siminti ne ruwa kaɗan yake so, kamar kashi 5 zuwa 6 cikin 100, amma leburori sai su kwaɓa shi ruwa-ruwa kamar za su yi filasta don ya yi musu sauƙin zubawa, to in ya bushe duk ƙofofi ne a ciki. Ku sa baibireta, wato injin girgizawa, don kwaɓin ya zauna sosai. Sannan busarwa, nan ne kowa ke gaggawa. Ku bar shi ya kama, ku ɗumama a hankali zuwa digiri 110, ku riƙe shi a nan awanni kafin ku ƙara wuta. Ƙarfen nan yana zuwa da zafin kusan digiri 1,500 fa, ruwan da ya maƙale ciki tururi zai koma nan take ya fasa shi.

Baba Maƙeri:
Yaro duba inda yake cinyewa. In daidai layin da kashin maƙera, wato dattin narkakken ƙarfen, ke yawo a sama ne, to yumɓun wuta zalla ba zai iya ba. Kwatocin manyan tanderu haɗin alumina da silikon kabaid da kabon ake musu, wannan haɗin kashin ba ya saurin cin sa. Da tsada kam.

Injiniyan Mile 12:
Gaskiya Baba. Kuma damshin Legas ba wasa ba, buhun da ya kwana a ƙasa da damina ya fara dunƙulewa kar ma ku taɓa shi.

Ɗan Agege:
Kai, kun kama mu wallahi. Da yamma muke zubawa, da asuba an saki ƙarfe. Buhunan ma suna nan a ƙasa bayan janareta. Bari in ga ko oga zai yarda a tsayar da aiki kwana biyu, nan ne rigimar take.