Sulallan gwal ko sanda: wanne ya fi, kuma yaya ake gane jabu?

Maman Husna: Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina neman shawara kan ajiyar kuɗi a gwal, ba sarƙa ko awarwaro ba. An kawo min sulallan fam guda biyar na gwal irin na Ingila da sanda ɗaya mai giram 50 a rufe cikin katin shaidarta. Wanne ya fi, kuma me zan duba kafin in biya?

Alhaji Mai Sikeli: Wa alaikumus salam Hajiya. Kin yi daidai da kika kauce wa kayan ado, domin kuɗin aikin da ake ɗorawa kan sarƙa ba ya dawowa ranar sayarwa. Fara da fam ɗin. Na gaske nauyinsa giram 7.98 ne, faɗinsa milimita 22.05, kaurinsa kusan milimita ɗaya da rabi, karat 22. Zallar gwal ɗin da ke cikinsa giram 7.32. Rabin fam kuwa giram 3.99 ne. Ki nemi sikeli mai nuna lamba biyu bayan ɗigo, da ma'aunin faɗi da kauri irin na kanikawa. Sikelin kicin ba zai yi ba. Abin da ya sa ake haɗa awon nauyi da na girma shi ne gwal ya fi kusan duk ƙarafan da ake yin jabu da su nauyi. In mai jabu ya cika nauyin da tagulla ko dalma, dole sulen ya fi kauri ko faɗi. In ya daidaita girman, nauyin zai gaza. Tsohon fam da ya sha hannu zai iya sauka zuwa 7.93 ko kusa da haka, amma wanda ya nuna 7.5 a ajiye shi gefe.

Hajiya Mai Saro: Ƙari a kan na Alhaji, kada a haɗa fam ɗin Ingila da sulallan gwal da ake kira jinai, waɗanda ake sayarwa a shagunan Makka da Jidda. Waɗancan yawanci giram 8 ne cif, wasu karat 21, wasu 22, kuma da yawa masu ƙera kayan ado ne suka buga su da hoton sarkin Ingila da doki. Gwal ne na gaske, amma a kan nauyi da karat ake sayensu, ba a kan suna ba. Ki duba da gilashin ƙara girma, sau da yawa akwai ƙaramin hatimi: 875 yana nufin karat 21, 916 karat 22, 750 karat 18. Fam ɗin da gidan buga kuɗi na gwamnati ya fitar ba ya ɗauke da irin wannan hatimin ko kaɗan.

Mai Tara Sulalla: Gaskiya ne, Hajiya. Kuma shekarar da ke jiki tana tona asirin masu kwaikwayo. A bayan yawancin fam akwai mahayin doki yana sukar dodo, zanen da aka fara amfani da shi tun 1817. A ƙasan kofaton dokin, saman shekara, akwai ɗan harafi da ke nuna garin da aka buga shi: S na Sidni, M na Melbon, P na Perth, C na Ottawa a Kanada, SA na Pretoria. In babu harafi, na gidan buga kuɗi na Birtaniya ne, wanda a wancan zamani yake Landan. To, Pretoria ba ta fara ba sai 1923, ta tsaya a 1932, don haka SA a kan 1915 ƙarya ce tsagwaronta. Sidni ta rufe a 1926. A zamanin Sarki George na Biyar, harafin I na Bombay shekara ɗaya kawai ya fito, 1918. Landan ba ta buga fam daga 1918 zuwa 1924 ba, saboda haka fam marar harafi mai ɗauke da 1920 ba daga can ya fito ba. Na Landan na 1917 kuwa yana da wuyar samu ƙwarai, shi ya sa aka fi kwaikwayonsa. Duk wanda ya kawo miki shi a farashin gwal zalla, ki ɗauka jabu ne har sai ƙwararre ya tabbatar.

Ki kuma kalli tsagin da ke gefen sulen. Na gaske a jere suke daidai wa daida. Wanda aka zuba a mazubi yakan nuna ƙananan ƙuraje a fili, rubutun ya yi dushi-dushi, wani lokaci har da layin haɗi a gefe.

Maman Husna: Na gode. An ce min in gwada da maganaɗisu, in bai kama ba shi ke nan.

Baba Maƙeri: A'a 'yata, ba shi ke nan ba. Maganaɗisu baƙin ƙarfe da irinsa kawai yake kamawa. Jan ƙarfe, tagulla, dalma, azurfa, duk ba ya kama su, kuma su ne ake yi wa wanka da ruwan gwal. In ya kama, jabu ne. In bai kama ba, ba ki san komai ba tukuna.

Ga gwajin ruwa, wanda kowa zai iya yi a gida. Ki auna abin a bushe ki rubuta. Ki ɗora ƙaramin kofi mai ruwa a kan sikeli ki mayar da shi sifili. Ki ɗaure abin da siririn zare, ki saka shi cikin ruwan ya nutse gaba ɗaya, amma kada ya taɓa gindin kofin ko gefensa. Lambar da ta fito ki raba nauyin farko da ita. Karat 24 zai ba da kusan 19.3, karat 22 tsakanin 17.5 da 17.8, karat 21 kusan 17, karat 18 wajen 15 da rabi. Dalma 11.3 ce, azurfa 10.5, jan ƙarfe kusan 9. Sanda mai giram 100 ta zallar gwal ya kamata ta nuna 5.18 a ruwa. Ta giram 50 kuwa 2.59.

Inda ake kuskure: kumfar iska da ke maƙalewa a jikin abin tana ƙara lambar ruwa, sai gwal mai kyau ya fito kamar marar kyau. A girgiza zaren kaɗan ta tashi. Sannan fam ɗaya ya yi ƙanƙanta, 0.45 kawai yake nunawa, kuma kuskuren 0.01 ya isa ya canza sakamakon sosai. Gara a ɗaure biyar ɗin tare a auna, bayan an riga an auna kowanne shi kaɗai a bushe. Gwajin ba ya aiki a kan awarwaro mai rami a ciki ko zobe mai dutse.

Alhaji Mai Sikeli: Baba, ranka ya daɗe, akwai ƙarfe ɗaya da ke tsallake gwajin ruwa, tangistin. Nasa 19.25 ne, na gwal 19.32, sikelin gida ba zai raba su ba. Ana huda sanda a cusa shi a rufe, ko a yi sandar da shi a lulluɓe da gwal. A 2012 an gano irin waɗannan sanduna masu oza goma a New York. Kuma na'urar XRF da manyan shaguna ke haskawa don gano karat, fatar sama kawai take karantawa, kaurin da bai kai silin gashi ba. Za ta rubuta 999, wato zallar gwal, alhali ciki wani abu ne daban. Ko manya suna faɗawa: a 2020 an gano cewa gwal ɗin da wani kamfani a Wuhan ta ƙasar Sin ya jinginar wa masu ba da bashi, har tan 83, akwai jan ƙarfe da aka shafa wa gwal a cikinsa. Abin da ke kama tangistin shi ne na'urar da ke tura sauti cikin ƙarfe, domin sauti na tafiya mita 3,240 a daƙiƙa cikin gwal, a tangistin kuwa ya haura 5,000. In babu ita, sai yanka ko narkarwa a gaban mai saye.

Baba Maƙeri: Haka ne Alhaji. Shi ya sa a sandar da maƙerin gida ya zuba ba na yarda da komai sai an sa magagari an ci gefe da zurfi, a goga wurin a baƙin dutsen gwaji, a ɗiga asid. Tagulla takan yi kore tana tafasa, layin gwal mai ƙaramin karat ya ɓace, na babban karat ya tsaya. A yi shi a fili inda iska ke kaɗawa, da safar hannu, hayaƙin yana cutar da huhu.

Mai Tara Sulalla: Amma don Allah Baba, ban da sulalla. Magagari ko asid a kan fam yana mayar da shi gwal ɗin narkarwa, duk wata daraja ta tarihi ta tafi. Haka wankewa da toka, man goge baki ko lemon tsami. Masu tara tsofaffin kuɗi sun fi son sule da dauɗarsa ta shekaru a kan wanda aka goge yana ƙyalli, kuma suna gane gogaggen da kallo ɗaya saboda ƙananan ƙarce. A riƙe shi ta gefe, a ajiye kowanne a gidansa, kada su riƙa gogar juna. A sule akwai gwajin da ba ya ɓata komai: a ɗora shi a kan ɗan yatsa a ƙwanƙwasa a hankali da fensir. Karat 22 yana yin ƙara mai tsawo, na tangistin ko dalma ƙararsa gajeriya ce. A kwatanta da wanda aka tabbatar da shi.

Hajiya Mai Saro: Game da sandar da ke cikin kati, kada ki yage katin, farashinta yana raguwa in an buɗe. Ki duba sunan matatar: PAMP, Valcambi, Argor-Heraeus da Metalor na Suwizalan, Rand Refinery ta Afirka ta Kudu, Perth Mint ta Ostareliya, duk suna cikin jerin matatun da LBMA, ƙungiyar masu cinikin gwal ta Landan, ta amince da su, kuma jerin a buɗe yake a intanet. Lambar da ke jikin sandar ta yi daidai da ta katin. PAMP tana da manhajar waya, Veriscan, da ke duba sandunanta. Sai dai katin ma ana yin jabunsa, don haka ki kalli sandar ta gefe ki kwatanta kaurinta da awon da matatar ta wallafa, jabun ƙananan sanduna kusan kullum sun fi kauri. Mafi muhimmanci, ki tambayi mai shagon ko zai sake saye daga hannunki, da kuma nawa zai rage. Wanda ya ƙi sayen kayan da shi ya sayar, ya gaya miki abin da ya sani game da kayan.

Maman Husna: To farashi fa? Yaya zan san ba a cuce ni ba?

Alhaji Mai Sikeli: Farashin duniya a kan oza ake faɗinsa da dalar Amurka, kuma ozar gwal giram 31.10 ce, ba 28.35 ta kayan abinci ba. Ki raba farashin oza da 31.10 ki sami na giram ɗin karat 24. Ki ninka da 0.916 don karat 22, 0.875 don 21, 0.750 don 18. Misali kawai, a ce oza tana dala 3,000: giram ya zama 96.46, fam ɗaya mai zallar gwal 7.32 ya kama kusan dala 706. Sai ki juya zuwa naira ko sefa a canjin ranar. Abin da ya hau kan wannan shi ne ribar mai shago, kuma a nan ake ciniki. Ƙaramar sanda ta giram 1 ko 2 ta fi tsada a kowane giram saboda kuɗin bugu da kati. In an ambaci tola, kamar yadda ake yi a Dubai, giram 11.66 ce, sandar tola goma 116.64. Sulen gwal na Krugerrand na Afirka ta Kudu, da aka fara bugawa a 1967, nauyinsa 33.93 amma gwal ɗin ciki oza ɗaya ce, sauran jan ƙarfe ne, kada a caje ki kuɗin giram 33 na karat 24.

Ni dai fam ɗin na fi ba ki shawara. In buƙata ta taso za ki sayar da ɗaya ki bar huɗu, sanda kuwa sai dai ta tafi gaba ɗaya. Kuma sule siriri mai sanannen awo ya fi wuyar cusa wa tangistin.

Malam Ɗan Damagaram: Abu biyu na addini. Hadisin Ubada bn Samit a Sahihu Muslim ya ce zinare da zinare sai daidai da daidai, hannu da hannu. Don haka kada a biya yau a karɓa wani mako, kuma in za a canza tsohon gwal da sabo, a sayar da tsohon a karɓi kuɗi, sannan a sayi sabon. Na biyu zakka: nisabi miskali 20 ne, kimanin giram 85 na zallar gwal, ana fitar da kashi 2.5 cikin ɗari in shekara ta zagayo. Fam biyar da sandar giram 50 in an haɗa sun kai giram 86.6, sun shiga nisabi. Sassaucin da mazhabar Malikiyya ta yi wa kayan adon da mace ke sawa bai shafi sulalla da sanduna ba.

Sannan a guji masu yawo da garin gwal suna cewa daga Jado ko Zamfara ya fito, za su karyar da shi saboda gaggawa. Garin tagulla ake haɗawa a ciki, ɗanyen gwal kuma yakan zo da zaiba da ƙasa, nauyinsa ya ragu in an narka. Wannan sana'ar masu lasisi ce, ba wurin ajiyar kuɗin gida ba.

Maman Husna: Allah Ya saka da alheri. Tambaya ta ƙarshe: a kayan gado akwai liyari biyu da kwabbai masu huda, an ce suna da tsada sosai.

Mai Tara Sulalla: Liyari, wato dalar Maria Theresa ta Ostiriya, kusan duk wanda za ki gani yana ɗauke da 1780, shekarar da sarauniyar ta rasu, domin an ci gaba da buga shi da wannan shekarar har zamaninmu. Shekarar ba shaidar tsufa ba ce. Nauyinsa giram 28.07, azurfa 833 cikin 1,000, wato kusan giram 23.4 na zallar azurfa, kuma a gefensa akwai rubutu mai tudu. Wanda aka huda ko aka yi wa kunne don ratayawa, kuɗin azurfarsa kawai zai kawo. Kobo, ɗari da anini masu huda na Afirka ta Yamma ta Ingila babu gwal ko azurfa a cikinsu, kuma maganar cewa suna ɗauke da wani sinadari mai tsada yaudara ce. Ko na 1936 masu sunan Sarki Edward na Takwas, da ya sauka daga mulki a Disambar shekarar, an buga su da yawa, ba su da tsada. Waɗanda ya kamata ki ware su ne sule, fataka, sisi da taro na 1913 zuwa 1919, azurfa ce. A cikin 1920 aka koma tagulla mai launin rawaya, amma wasu na shekarar akwai azurfa a cikinsu.

Hajiya Mai Saro: Ranar biya ki je shagon da kanki, kada a yi cinikin biri a sama ta hoton waya. A auna a gabanki, a sikelinsu da naki. Rasit ɗin ya nuna nauyi, karat, lambar sandar, farashin giram na ranar da hatimin shago, ki ɗauki hotonsa ki ajiye takardar a wani wuri daban da inda gwal ɗin yake.