Tsohon CG125 zan mayar kafe resa, kuɗin kuma ba yawa

Auwalu: Assalamu alaikum 'yan zaure. Kawuna da ya koma gida ya bar mini tsohon babur ɗinsa, Honda CG125, a bayan shago nan Agege. Ya kusa shekara 4 ba a tayar da shi ba. So nake in mayar da shi kafe resa, ɗan siririn sit, hannu a ƙasa, fitila zagayayya. N400,000 na ware, ba ƙari. Daga ina zan fara, wa kuma zan kai wa?

Nura: Wa'alaikumus salam. In ka taka kik injin yana juyawa?

Auwalu: Yana juyawa, har da ɗan nauyi a ƙafa. Tankin ne ya yi tsatsa a ciki.

Oga Bala: To ka yi sa'a, nauyin nan shi ake nema. Kada ka sayi ko ƙusa ta ado sai ya tashi tukuna. Juye tsohon baƙin mai, ka wanke 'yar rariyar da ke ƙasan inji, sabon fulogi, a kwance kabureta a wanke ta da kyau. Ka ba shi mai daga gora, kada ka bi ta tankin nan. In ya tashi ka tsaya bayan salansa ka duba: hayaƙi mai shuɗi-shuɗi ringi ne, yana shan baƙin mai. Wannan injin tun 1975 Honda ta fito da shi, kuma don irin ƙasashenmu aka yi shi, inda ba a canza mai a kan lokaci. Ba shi da cen ɗin taimin, sanduna ne ke tura bawul. Shi ya sa yake da wuyar mutuwa.

Malam Habu: Wai mene ne kafe resan nan da kuke ta faɗa tun makon jiya?

Nura: Baba, salo ne na samarin Landan tun wajen 1960. Sukan taru a shagunan shayi irin Ace Cafe, su cire duk wani nauyi daga babur, su saukar da hannu, burinsu su kai mil 100 a awa, wajen kilomita 160 ke nan. Fitaccen babur ɗinsu shi ne Triton, injin Triumph a jikin Norton.

Malam Habu: Wato a ɗauki babur lafiyayye a yanke masa wutsiya. Allah ya kyauta. Mu a zamaninmu wanda ya hau Honda Roadmaster goge shi yake yi kullum, ko sitika ba ya liƙa masa.

Jamilu: CG ko an hura masa iska ta baya da ƙyar ya wuce 100, na kilomita ba na mil ba.

Sadisu: Auwalu, ka saurare ni da kyau don ni na bi hanyar nan, kuma har yau abin yana ci mini rai. Bara na sayi irin naka a hannun wani. Ɗoki ya ɗebe ni, ban tsaya kan inji ba, kai tsaye na tura shi wajen wani mai walda a unguwarmu, na nuna masa hoto a waya. Ya ce wannan ai aikin yini ɗaya ne. Na tafi kasuwa. Da na dawo da yamma na tarar ya sa garanda ya datse bayan firam ɗin, har ya ci inda shokan baya ke kamawa. Da na yi magana ya ce ba komai, zai sake ɗora kunnuwan. Ya ɗora, amma na dama ya fi na hagu tudu kaɗan, ido ba ya gani sai an hau. Ƙarfen da ya lanƙwasa ya rufe bayan da shi kuwa bututu ne na ƙafar kujera, ba kauri.

Na biya, na kai fenti, na kai ɗinkin sit, na sayo 'yar matatar iska ɗin nan mai kamar kofi na cire akwatin asali. Ranar da na fito da shi kowa sai ya waiwayo. Sati 2 kawai na more. Babur yana ja gefe guda, tayar baya tana cinyewa ta ɓari ɗaya, cen yana ta faɗuwa. In na murɗa mai sai ya shaƙe kamar zai mutu, fulogi ya yi fari fat, inji ya yi zafin da ba a iya kusantarsa. Daga baya wani dattijon bakanike ya fahimtar da ni cewa iska ta yi wa mai yawa, wanda ya canza matata ko ya buɗe salansa dole ya ƙara girman jet, wato 'yar ƙofar da fetur ke bi a kabureta, in ba haka ba fistin yake gasawa. Kafin in gyara wannan, ruwan Yuni ya sauko, matatar tana waje ba rufi, ta zuƙi ruwa, babur ya mutu mini a tsakiyar kwata, na tura shi har gida.

Abin da ya ƙarasa ni shi ne ranar da na faɗa wani rami da ruwa ya rufe. Waldar nan ta hagu ta tsage, bayan ya zauna kan taya. Allah ya tsare ba gudu nake ba, gwiwa kawai na kuje. Da na lissafa, abin da na kashe a fenti da sit da fitilu ya fi abin da na kashe a birki da taya da inji gaba ɗaya. Firam ɗin ya tafi wajen 'yan gwangwan a kan kilo. Don Allah in za a yanke, ka tsaya a wurin da ƙafarka, a auna, a yi alama da alli, kuma kada garanda ta taɓa komai daga kunnen shoka zuwa gaba.

Nura: Subhanallahi. Allah ya mayar da alheri.

Jamilu: Gyaran gangar auzinawa ke nan aka yi maka.

Oga Bala: Ni da zai ji tawa ma kada ya yanke. A kwance kariya da madigan baya mai nauyi, a buga farantin sit gajere da kwano, masu ɗinkin kujerun mota su sa soso da leda. Siffar za ta fito, firam yana nan yadda kamfani ya yi shi. Madigan gaba kuwa a rage tsawonsa amma kada a cire, ƙarfensa yana taimakawa wajen riƙe ƙafafun gaba. Akwatin iska ma a bar shi, a fesa masa baƙi. A Legas da ruwa ba a wasa.

Alhaji Tukur: Duk kun bar babbar magana. Ina zai hau shi? Dokar sufuri ta jihar nan ta 2018 ta hana babur ƙasa da 200cc bin manyan tituna da gadoji. Tun 1 ga Yuni 2022 aka hana acaba a Ikeja, Surulere, Eti-Osa, Apapa, Lagos Island da Mainland, a Satumba aka ƙara Mushin, Oshodi-Isolo, Shomolu da Kosofe. Babur ɗin da aka kama murƙushe shi ake yi, duk mun gani. CG kuma daga nesa kamar na haya yake. Auwalu, takardun kawunka suna hannunka?

Auwalu: Rasit na nan, Alhaji. Lambar ce tsohuwa, takardun duk sun ƙare.

Alhaji Tukur: To cire kuɗin sabunta su daga cikin 400 ɗin kafin komai, a mayar da sunanka, ka duba lambar inji da ta firam su dace da abin da ke rubuce. Da hular kwano mai kyau. Abin da ya rage shi ne kuɗin aikinka.

Jamilu: Ya sa injin CG200 na Caina mana, ai yana zama a jikin.

Oga Bala: Yana zama da ɗan gyara, amma suna ne kawai 200, bai cika ba, wajen 197 ne. Roadmaster ɗin Baba ma 194 ne. Ga lambar inji ta saɓa da takarda. Ga birkin gaba na ganga da aka yi don ƙaramin inji. Ka ƙara gudu ba ka ƙara tsayawa ba.

Ɗanladi: Ni fa duk wannan wahala ce. Ya sayar da shi ya nemi tsohon Yamaha RX ko Suzuki AX100, mai tu-sitirok, wato injin da ke ƙona fetur haɗe da baƙin mai. Shi ne ke da kuka da tashi.

Nura: Da farashin fetur tun da aka cire tallafi a 2023? Ga man haɗi kullum, ga hayaƙi.

Ɗanladi: Kai Bakano komai sai ka lissafa kwabo.

Nura: Gara mu, muna lissafi. Ku Zage-zagi ƙarar kuke saye, ko babur ɗin bai motsa ba.

Malam Habu: Ku bar wannan, yaro tambaya ya yi.

Sadisu: Maganar tanki. In bai huje ba kada ka canza. Zuba ruwan binega ya kwana biyu, ka jefa 'yan notuna ka yi ta girgizawa, ka ɗauraye, ka shanya ya bushe sarai, sannan ka cika shi da mai nan take don tsatsa ba ta jira a iskar nan mai gishiri. Ka sa 'yar matatar mai a kan tiyo.

Oga Bala: Haka ne. Ka kuma leƙa batirin. In mai volt 6 ne da filatin, tsohon tsarin ba fulogi wuta, na farko-farko ke nan, fitilarsa kamar aci-bal-bal. A mayar da shi volt 12 da CDI, ɗan akwatin da ya maye gurbin filatin, kayan na Caina suna shiga kuma ba tsada. Tsofaffin wayoyin nan duk sun bushe, a sa sabon wayarin gaba ɗaya ya fi a yi ta faci. Hannu kuma kada ka sayi masu kamawa a ƙafar gaba, za su bugi tanki in ka karya kan, kuma a gosulo bayanka zai gaya maka. Nemi miƙaƙƙe mai ɗan sauka.

Auwalu: Ladipo zan je neman kayan?

Jamilu: Ladipo na mota ne galibi. Sababbin kayan babur ka bi Ebute Metta ko kasuwar Trade Fair ta hanyar Badagry. Na kwance kuma Owode Onirin, gaba da Mile 12.

Ɗanladi: In da mai zuwa gida, Panteka ta Kaduna babu abin da ba a samu.

Nura: Ƙofar Ruwa fa?

Ɗanladi: Ga shi nan kuma.

Alhaji Tukur: Taya sababbi, gaba da baya. Ko na jikin suna da zane, roba mai shekara 4 a rana ta mutu. Da takalmin birki da kebul. Wannan ba na kwance ake saye ba.

Malam Habu: Auwalu ɗana, kafin ka taɓa shi ka buga wa kawunka waya ka faɗa masa abin da za ka yi. Mutum ya daɗe da abu, yana da wuri a zuciyarsa. Duk abin da ka kwance kuma, kariya, sit, madiga, ka zuba a buhu ka ajiye.

Auwalu: In sha Allahu Baba, yau da daddare zan kira shi. Oga Bala, Asabar kana gareji in turo shi?

Oga Bala: Bayan azahar. Ka zo da baƙin mai lita 1 da fetur a gora.

Jamilu: Tunda ana maganar Roadmaster, akwai wanda ya san inda zan samu murfin gefensa na hagu? Wata 3 ina nema.