Lien: jingina ce, riƙo ne, ko dabaibayi?

1/ Jama'a, a taya ni neman suna. A Amurka, idan ɗan kwangila ya yi maka gini ka hana shi kuɗinsa, yana iya zuwa ofishin rajistar filaye na gunduma ya sa a rubuta bashin a kan takardun gidanka. Su suna ce wa wannan mechanic's lien. Mu me za mu ce?

2/ A cire makanike daga lissafi tukuna. A tsohon Turanci duk mai sana'ar hannu ake nufi da mechanic: birkila, kafinta, mai fenti. Jihar Maryland ce ta fara kafa dokar a 1791, da goyon bayan Thomas Jefferson da James Madison, waɗanda daga baya suka zama shugabannin Amurka, don magina su saki jiki su gina birnin Washington ba tare da tsoron a cinye musu gumi ba.

3/ Na san da yawa za su ce jingina. Ni dai ba ta kwanta mini ba. Jingina da yardar mai kaya ake yin ta, shi ke miƙa gonarsa ko takardar gidansa ya karɓi kuɗi. A nan kuwa ba a nemi yardar mai gida ba, doka ce ta ba magini wannan dama.

4/ "Haƙƙin riƙewa" ya dace da tela da ya hana ɗinki sai an cika masa kuɗinsa, ko makanike da ya riƙe makullin mota. Amma magini bai riƙe komai ba. Mai gida na cikin gidansa, yana kwana yana tashi.

5/ Ga yadda abin ke tafiya a Kalifoniya. Ƙaramin ɗan kwangila ko mai kawo siminti da katako, wanda bai yi yarjejeniya da mai gida kai tsaye ba, sai ya aika takarda ga mai gida da babban ɗan kwangila da bankin da ya ba da rancen ginin cikin kwana 20 da fara aiki. Ba ƙara ba ce, cewa kawai yake yi "ku sani da hannuna a aikin nan". Idan an gama gini ba a biya shi ba, yana da kwana 90 ya yi rajistar bashin. Mai gida na iya taƙaita wa'adin idan ya yi rajistar sanarwar kammala aiki: kwana 60 ga babban ɗan kwangila, 30 ga saura. Bayan rajista kuma akwai wasu kwana 90 na shigar da ƙara, in ya wuce haƙƙin ya faɗi. In ya ci shari'a, kotu na iya sa a sayar da gidan a biya shi.

6/ Inda abin ke da zafi: ka biya babban ɗan kwangila tas, shi kuma ya hana mai siminti, gidanka za a bi. Kana iya biya sau biyu. Shi ya sa masu wayo ke rubuta cak da sunan mutum biyu, babban ɗan kwangila da mai siminti, kuma ba sa sakin kuɗi sai an sa musu hannu a takardar cewa an sallami kowa.

7/ Don haka na zaɓi "dabaibayin bashi". Jakin da aka yi wa dabaibayi na mai shi ne, yana kiwo, sai dai ba ya nisa. Haka gidan: naka ne, amma sayar da shi ko cin rance da shi sai ya yi wuya har a biya. Kalmar ma ta zo da aikatau nata, an ɗaura, an kwance. Na magina kuma a ce "dabaibayin magina".

8/ Takardar kwana 20 ɗin na sa mata "sanarwar kama aiki". Wadda ake sa wa hannu lokacin biya ce ta rage: "takardar sallama" ko "takardar sauke haƙƙi"? Ta farkon na iya rikicewa da ta asibiti. Lauyoyinmu da malaman fiƙihu, bismillah.