Tallafin bana: masu komawa karatu ko sababbin shiga?

Maman Ummi: Assalamu alaikum. Shawarata kan kuɗin tallafin ƙungiyarmu na bana: a ba matan da aure ko haihuwa ya sa suka ajiye jami'a a aji uku ko huɗu, su koma su ƙarasa. 'Yan mata sababbin shiga su jira baɗi.

Baban Sadik: Wa alaikumus salam. Hajiya, ki gafarce ni, ban goyi baya ba. Wadda ta haura shekara 30 ko bautar ƙasa ba za ta je ba, takardar ɗauke mata kawai za a ba ta. Masu ɗaukar aiki kuma sukan ƙayyade shekaru. To digirin a bango za ta rataye shi?

Anti Malama: Malam, wa ya ce maka neman aiki suke? Da yawansu suna kan aiki. Ni da NCE aka ɗauke ni a matakin albashi na 7, mai digiri kuwa a na 8 yake farawa, kuma yaran da na koyar suna zuwa su wuce ni. Tun 2022 Buhari ya sa hannu a dokar da ta kai ritayar malamai shekara 65, a jihohin da suka aiwatar. Mace mai 42 tana da sauran fiye da shekara 20 a aji.

Baban Sadik: Wannan gaskiya ne, Anti. Amma ai mai albashi za ta iya biya wa kanta.

Anti Malama: Albashin firamare? Da 'ya'ya biyar? Kai dai Malam.

Yaya Babba: Ku tsaya tukuna. Kuɗin rajista ba shi kaɗai ke kayar da su ba. Ƙanwata tana ajin ƙarshe aka shiga yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, na 2022, wata takwas cur. Kafin a koma ta haihu. Na gan ta tana karatun jarrabawa a kan tabarma, fitilar waya a hannu ɗaya, jariri a cinya. Mai raino da kuɗin a-daidaita-sahu su suka gagare ta.

Maman Ummi: To ai sai mu raba kuɗin haka: rajista, sufuri, raino.

Baban Sadik: Ko su tafi buɗaɗɗiyar jami'a ta ƙasa, NOUN, tunda ba kullum ake zuwa aji ba. Obasanjo ma can ya yi digirin digirgir da furfurarsa.

Yaya Babba: Obasanjo ba ya girki, Malam. Kuma wadda saura mata zango biyu ba za ta so sabon lale ba. A fara tambayo sashensu, don kowace jami'a tana da iyakar shekarun da ɗalibi zai yi kafin a soke sunansa.

Baban Sadik: Na yarda da rabi. Rabin kuɗin ga masu ajin ƙarshe kaɗai, da takardar shaida daga sashensu. Sauran rabin ba zan saki ba.

Maman Ummi: Sakatare, sa mana shi a ƙuri'a ranar Asabar.