Wani na son guda 200 a farashin da bai kai kuɗin yi ba, in karɓa ko in bari?

Sabon_Shiga:
Assalamu alaikum ƴan uwa, don Allah masu ilimin akanta ku taimaka min. Ina da ɗan wurin sarrafa kaya, a wata ina yin guda 1,000 ina sayar da kowanne a 100. Kayan haɗi da ladan masu aiki na cin 60 a kan kowane ɗaya, haya da albashin mai gadi da sauransu kuma 20,000 ne duk wata, to da na raba sai na ga kowane ɗaya yana tsaya min a 80. Yanzu wani ya zo yana son guda 200 amma ya ce 70 zai biya ko sisi ba zai ƙara ba. Ni dai gani nake faɗuwar 10 ce a kowanne, ko na yi kuskure?

Tsohon_Akawu:
Wa alaikumus salam ɗan uwa. Lissafin 80 ɗin nan shi ya ruɗe ka, kuma yana ruɗar mutane da yawa wallahi. Kuɗin da kake kashewa kala biyu ne, akwai wanda ke bin yawan kaya, wato 60 ɗin nan, in ba ka yi kaya ba ba ka kashe shi, akwai kuma tsayayye, 20,000 ɗin da ko ka kunna inji ko ba ka kunna ba mai gida sai ya karɓi hayarsa. Odar mutumin nan ba za ta ƙara maka haya ba, 60 kawai za ka kashe ka karɓi 70, ka ga ragowar 10 sau 200, ribar wata ta ƙaru da 2,000 ke nan. Kuma tun a guda 500 ka riga ka biya 20,000 ɗin, tunda kowane ɗaya na bar maka 40, daga nan sama duk riba ce.

Yar_Kasuwa:
Baba akawu gaskiya ne amma ka manta ba ka tambaye shi ba, injin nasa zai iya 1,200 kuwa? Don in 1,000 ce iyakarsa sai ya hana masu biyan 100 ya ba mai 70, asarar 30 a kowanne, 6,000 ta tafi a banza. Sannan magana ba ta ɓuya, ranar da tsofaffin kwastomominka suka ji wani ya samu a 70 ka shiga uku, kowa 70 zai ce.

Sabon_Shiga:
Injin na iya yin 1,500 ma Hajiya, rabin yini a kashe yake. Sai dai da tsada na saye shi, shi ya sa nake jin ciwon sayarwa da araha.

Tsohon_Akawu:
Kuɗin inji ya riga ya fita ɗana, ka karɓi odar ko ka ƙi ba zai dawo ba, cire shi daga wannan shawarar. Abin da za ka bincika shi ne ko aikin zai ja ka biyan obataim ko kuɗin kai masa kaya, don in hakan ya kai 60 ɗin zuwa 70 to wahalar banza za ka yi. Kuma a rubuta cewa farashin na wannan karon ne kaɗai.